Kunyar Suruki Ta Kai Ni Kwasar Ciyawar Teku

Edita, sallama gare ka da masu karanta wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, ko da yake mutanenmu na Lanham da Landover, a nan gefen birnin Washington na Amurka, za su gane ni tun kafin su kai rabin takardar nan. To, su gane. Na gaji da rufa asirin ɓarnar da ba ni kaɗai na yi ta ba.

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da huɗu, da matata da 'ya'ya uku. Mutumin Funtuwa ne ni, kuma sana'ata gyaran na'urorin sanyaya ɗaki da na ɗumama shi. Shekara goma sha ɗaya ina aiki da wani kamfani da ke kula da manyan gine-ginen ofisoshin gwamnati a kudu maso yammacin birnin Washington. Ni ne shugaban ayarin mutum biyar. Na san injunan gine-ginen nan kamar yadda na san tarin 'ya'yana, daga ƙara kawai nake gane wanda zai ba mu matsala. Aikin yana da fansho, yana da inshorar lafiya, kuma inshorar nan ita ce ke riƙe da 'yata ta biyu mai fama da asma tun tana goye. A wajen biki ko suna Injiniya ake ce min, ni kuwa ban taɓa hana kowa ba, don sunan yana min daɗi. Sai ma'aikata suka ragu a gine-ginen, aka rufe wasu benaye, kamfani ya haɗe ayarinmu da wani, aka sauke ni daga shugabanci na koma ɗaya daga cikin ma'aikata. Ba a taɓa min inshora ba, ba a taɓa fansho ba, kujera kawai aka karɓe. Amma wallahi na yi wata guda ina kumbura ina huci kamar an zagi ubana. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Ana cikin haka surukina ya shigo maganar. Ƙanin mahaifin matata ne, shi ya yi mata walicci, daga bakinsa na karɓi aurenta. Ita Baffa take ce masa, ni kuma Baba. Ya riga mu zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa, ya yi tuƙin tasi, ya yi kasuwanci, yanzu ya huta yana zaune a Landover. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san yadda ake da suruki. Ban taɓa furta sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in muka haɗu ko a wurin ajiye motoci ne sai na durƙusa, Turawa na wucewa suna kallona kamar na yar da makulli. Wata Lahadi na je gaishe shi, ashe labarin sauke ni ya riga ni zuwa. Bai daɗe da dawowa daga wani ɗan hutu da ɗansa ya kai shi ba, a wani ƙaramin tsibiri da ke tekun Karibiyan, inda Sifaniyanci ake yi amma tutar Amurka ce ke tashi, don haka ba ruwan mutum da neman biza. Ya zaro wayarsa ya nuna min hotonsa da wani mutum mai farar riga da ɗamarar wuya irin ta Turawa, sun dafa kafaɗar juna a ƙofar wani otal. Ya ce min wannan amininsa ne, shi ke juya otal ɗin, kuma neman irina suke yi ruwa a jallo, shugaban masu gyara, da gida da mota. Ya ce ya riga ya yi masa maganata, magana ta ƙare, in tattara in tafi kawai. Ya ƙara da cewa ba zai zuba ido yana kallo ana wulaƙanta mijin 'yarsa ba alhali yana da hanya. Na sunkuyar da kai na yi godiya, idona har da ƙwalla.

Sau uku matata ta ce min in nemi takardar ɗaukar aikin a rubuce. Na farko a hankali ta faɗa, tana ninke kaya. Na biyu ta ce ko lambar mutumin in karɓa in ji muryarsa. Na uku ta tsaya a bakin ƙofa ta ce min don Allah, Baban yara, in dubi 'yarmu da maganinta. Ni kuwa na hau ta da faɗa. Na ce mata ita da aka haifa a gidan ba ta san darajar Baffanta ba sai ni bare? Ta yaya zan kalli mutumin da ya ba ni aurenta in ce ya kawo shaida? Ai daidai yake da in ce masa maƙaryaci a fuskarsa. Ta juya ta koma ɗaki. Kuma don kada a ce na ɓoye nawa laifin, na nemo lambar otal ɗin da kaina a waya, na sa yatsa zan kira, sai na tuna cewa in aminin nan ya gaya wa Baba surukinsa na bincike a bayansa, da wane ido zan kalle shi? Na ajiye wayar. Edita, minti biyu zai ɗauke ni. Minti biyu kacal, na ƙi saboda kunya.

Na kai takardar barin aiki wajen shugabarmu, wata dattijuwa baƙar fatar Amurka da ba ta da wasa amma tana da kirki. Ta karanta ta tambaye ni ina takardar sabon aikin. Na ɗaga kafaɗa na ce mata a wajenmu maganar babba ta fi takarda ƙarfi. Ta kalle ni ta saman tabarau ta daɗe, sannan ta turo min takardata ta ce ba ta karɓa ba. Ta ce za ta rubuta min hutun wata uku ba albashi, gurbina yana nan, inshorar iyalina tana nan, amma ranar Juma'ar tsakiyar Nuwamba ita ce iyaka. In na kira ta kafin a tashi aiki ranar, sai in dawo in ɗauki akwatin kayan aikina kamar ba a yi komai ba. In ban kira ba, ba abin da za ta iya yi min. Na yi mata godiyar fatar baki, a raina ina cewa ta riƙe gurbinta ta jiƙa ta sha. Daga nan Baba ya tara jama'a a gidansa aka yi min addu'ar sallama. An yi waina da miyar taushe, matan Gana maƙwabtansa sun kawo shinkafa da wake irin tasu, liman ya yi doguwar addu'a. Baba ya miƙe ya shaida wa mutane cewa shi ya samo wa surukinsa shugabancin injiniyoyi a babban otal, aka yi ta sa masa albarka. Mutum sama da arba'in suka shafa fatiha a kaina.

Na sauka a wani babban tsibiri da ke kusa da shi a tsakiyar Agusta, na hau jirgin ruwa zuwa ƙaramin. Zafi da gumi, kaji na yawo a kan titi, gari kaf bai kai unguwa biyu ta Funtuwa ba. Otal ɗin da aka ce babba ɗakuna ashirin ne da 'yan kai, rabinsu a rufe, don lokacin guguwa ne, baƙi ba sa zuwa. Na shiga da kwat ɗina da jakar takardun shaida, na nuna wa matar da ke karɓar baƙi hoton na ce manaja nake nema. Ta duba, ta danne dariya, ta leƙa taga ta ƙwala kira. Sai ga mutumin cikin hoton ya shigo da soso a hannu, wandonsa a jiƙe. Direban motar otal ne. Shi ya yi ta yawo da Baba kwana uku yana nuna masa bakin teku. Yana jin Turanci sosai, kuma da na bayyana masa abin da ya kawo ni sai ya dafe kai ya nemi kujera ya zauna. Ya ce ya tuna dattijon, mai fara'a ne, mai yawan labari. A hanya Baba ya ce masa yana da suruki gwanin gyaran na'urar sanyi, shi kuma ya amsa da cewa ai kullum ana buƙatar gwani, ya zo duk lokacin da ya so. Ya ce min su haka suke yi wa baƙo, ba a gwale shi, ballantana tsoho. Iyakar abin da aka yi ke nan. A kan wannan hirar cikin mota na baro aikin shekara goma sha ɗaya. Na fita waje na tsaya a rana, ban san ko in yi kuka ko in fasa wani abu ba.

Mai hankali zai ce to, ka juya mana, gurbinka na nan. Ni ma yau abin da nake faɗa wa kaina ke nan, ina cizon yatsa. Amma a ranar fuskokin mutum arba'in ɗin nan kawai nake gani. In koma bayan kwana biyu in ce me? In ce dattijon da ya tara su shaci-faɗi ya yi? In tona asirin surukina a gaban liman da matan unguwa? Na ce a raina ai ina da sana'a a hannu, zan samu wani aikin a tsibirin, in ya so daga baya a gyara labarin a hankali ba wanda ya ji kunya. Da matata ta kira na ce mata na sauka lafiya, an karɓe ni hannu bibbiyu. Ƙaryar farko ke nan, sauran kuwa suka biyo ta a jere kamar tururuwa.

Direban nan, Allah ya saka masa, shi ya samo min ɗaki a bayan gidan wata gwaggonsa, shi ya kuma gaya min gaskiyar garin. Da farko, lasisin sana'ata na can bai da amfani a nan, sai na zauna jarrabawarsu a babban tsibiri, kuma da Sifaniyanci ake yin ta, ni kuwa ban wuce gaisuwa ba. Na biyu, kuma shi ne babba, masu gyaran sanyi biyu ne a tsibirin, wani tsoho da mijin 'yarsa. Kowane gida, kowane kanti, kowane masauki su yake kira. Tsohon nan ya halarci aurensu, ya halarci jana'izar iyayensu, lokacin da guguwa ta ɗauke wuta shi ya bi gida gida yana tayar da janareta. Wa zai kira baƙo gobe ya haɗu da tsohon a coci? Na ji haushi kamar in mutu, amma ban iya musawa ba, don ko a Funtuwa ba wanda zai bar telan unguwa ya kai ɗinki wajen wanda ya sauka jiya. Da ɗan gari akan ci gari, na san karin maganar tun ina yaro, sai dai ban taɓa zaton ni za ta ci ba. Duk da haka na bi gari ƙofa ƙofa. Kowa ya yi min murmushi, ya ba ni kujera, wani har kofi, ya karɓi takardata ya ce in dawo mako mai zuwa. Ba wanda ya taɓa ce min babu. Na yi mako shida kafin in gane cewa mako mai zuwa ɗin nan shi ne babunsu. Abin da ya fi ƙona min rai, wata mai masaukin baƙi firjinta ya mutu da kifi cike a ciki, tsohon kuma ya tafi babban tsibiri. Na ce ta bari in gyara mata kyauta don ta ga hannuna. Na kwanta a ƙasa awa biyu cikin zafi na tayar da shi. Ta rungume ni tana godiya. Washegari na wuce na tarar da tsohon a gaban firjin yana ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta kira shi ya duba ko na yi daidai, kuma shi ta sallama. Ya ɗaga min hannu yana murmushi, wai aikina ya yi kyau. Ni da na riƙe injunan gini mai hawa goma, ni ake duba wa aikin firji!

Aikin da na samu a ƙarshe shi ne kwasar ciyawar teku. Wata irin ciyawa ce ja-ja da ruwa ke turowa bakin gaɓa, in ta kwana biyu a rana sai ta riƙa wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Masu otal suna ɗaukar 'yan aikin yini su kwashe ta da manjagara da baro. Da sassafe muke farawa, kafin azahar tafin hannuna ya yi kanta, warin kuma ya bi ni har cikin barci. Abinci ma yaƙi ne, don kusan komai nasu da naman alade ake haɗa shi, har waken da ake zubawa kan shinkafa. Na koma burodi da kifin gwangwani da soyayyar ayaba. Babu masallaci, babu wanda zan yi wa sallama ya amsa, Juma'a ta zo ta wuce ina sallar azahar ni kaɗai a ɗaki. Amma duk Lahadi sai in yi wanka, in sa rigar aikina mai tsabta, in je ƙofar otal ɗin in roƙi direban ya ɗauke ni hoto, in tura gida. Yana ɗauka yana girgiza kai. Sau biyu ya ce min in koma wajen iyalina, na ce masa bai san al'adarmu ba. Ya ce gaskiya ne bai sani ba, amma ya san yunwa in ya gan ta.

Shugabata ta kira ni sau biyu a watan Oktoba, tana tuna min ranar. Na ce mata komai na tafiya daidai. Mutanen gari kuma kowa cewa yake in yi haƙuri zuwa Disamba, baƙi za su cika tsibirin, aiki zai fi ƙarfin tsohon, dole a neme ni. Ranar Juma'ar nan ta zo. Da misalin ƙarfe biyu na rana na ajiye manjagara na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar kwakwa, na fito da waya, na nemo lambarta. Wallahi na yanke shawarar kira. Kafin in danna sai ga saƙon murya ya shigo zauren waya na mutanen garinmu. Baba ne. Wani ya yi cigiyata, shi kuma yake ba da amsa, wai surukinsa na can yana juya injiniyoyi goma sha biyu, Turawa na sara masa, kuma duk mai son a yi masa hanya ya zo ya same shi. Nan da nan aka fara turo addu'o'i da jinjina, har da liman. Na saurari saƙon sau uku. Na kalli lambar matar nan, na kalli tulin ciyawar da ke gabana. Sai na mayar da wayar aljihu na ce saura mako biyu Disamba, bari in ƙarasa. Na zauna ina kallon agogo har biyar ta buga. Ba wanda ya riƙe min hannu, ni da kaina na zauna na bari ta buga.

Disamba ta zo, baƙi suka cika gari kamar yadda aka faɗa, aiki ya yi yawa kamar yadda aka faɗa. Sai tsohon ya aika babban tsibiri aka turo masa 'ya'yan 'yan'uwansa biyu. Ni kuwa na samu ƙarin girma daga ciyawa zuwa wankin kwanuka a bayan wani gidan abinci. Ina tsaye a kan kwanukan nan matata ta kira. Tana kantin magani, ta je karɓo abin shaƙar yarinyar, an ce mata katin inshora ya daina aiki. Ta tambaye ni ina inshorar sabon wurin. Ina jin tarin 'yata a bayanta, tana ce wa uwar da Turanci ƙirjinta ya matse. A nan ramin ƙaryata ya ƙure. Na jingina da bango na faɗa mata komai, tun daga direba har manjagara. Na zaci za ta yi ihu. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce dama ta sani a ranta. Ta ce duk danginsu sun san Baffa, maganarsa a ji ne a bari, ya taɓa yi wa yayanta irin wannan a Kaduna har ya sayar da shagonsa. Na ce mata ta san haka ta bar ni na taho? Ta ce ta yaya za ta kalli mijinta ta ce ƙanin ubanta ba ya faɗin gaskiya? Shi ya sa ta ce in nemi takarda har sau uku, ta ɗauka zan gane. Na fara zazzaga mata masifa, ta katse ni ta ce ita kunyar kwana uku ta yi, ni kuwa wata huɗu ina turo mata hoto. Wata maƙwabciyarmu 'yar Nijar mai aikin jinya ce ta taimaka aka samu maganin ranar.

Da na dawo na je wajen shugabata. Ta ce ta jira har Litinin ba tare da kowa ya sani ba, sannan ta ba da gurbin. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi kira ɗaya ya isa, ko da kuwa ban faɗi dalili ba. Daga nan na wuce Landover. Na durƙusa kamar kullum, na gaishe da Baba, na zayyana masa abin da ya faru cikin ladabi, ina zaɓen kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya riƙe haɓa ya ce ikon Allah, ashe direba ne? Shi dai ya gan shi da ɗamarar wuya da tarin makullai. Sannan ya tambaye ni abin da har in mutu ba zan manta ba. Wai me ya hana ni tambayarsa? Wai mu yaran zamani mu ke da waya a hannu, shi ya ɗauka zan bincika kafin in tashi. Ko haƙuri bai ba ni ba. Ya rufe da cewa in mutane sun tambaya in ce iskar wurin ce ba ta karɓe ni ba, don a rufa wa juna asiri. Edita, na ce to. Har a lokacin, da fansho ya tafi, da inshora ta tafi, bakina to ya ce. Na fito na zauna a mota ina dukan sitiyari kamar mahaukaci.

Yanzu gyara nake bi gida gida da tsohuwar motata, yau a samu gobe a rasa, kuma duk lokacin da yarinyar nan ta yi tari sai gabana ya faɗi. Na yi wata biyar ina cewa iska ce ba ta karɓe ni ba. Sai ranar wani suna a Lanham, muna zaune ana cin abinci, na jiyo muryar Baba a bayana. Ya samu wani bawan Allah mutumin Maraɗi, mai 'ya'ya huɗu, mai aikin dafa abinci a wani asibiti, yana nuna masa hoton nan dai, yana ce masa amininsa na neman shugaban masu girki. Mutumin ya sunkuyar da kai yana godiya, daidai yadda na yi. Ban san lokacin da na miƙe ba. A gaban kowa na ce Baba ya gafarce ni, amma mutumin cikin hoton direba ne, babu aiki a tsibirin, ni ciyawa na kwasa na wanke kwanuka, kuma ba wata iska da ta kore ni. Baba ya tashi ya fita. Tun daga ranar sunana ya koma marar kunya a bakin wasu dattawa, akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata. Matata ta yi kwana biyu ba ta ce min uffan ba. A rana ta uku ta ajiye min abinci ta zauna kusa da ni, ta ce da ma ita ta riga ni faɗa tun kafin in hau jirgi. Mutumin Maraɗin kuwa yana nan a wurin aikinsa.

Abin da na koya ba shi da daɗin faɗa. Ba mutanen tsibirin suka cuce ni ba, sun riƙe nasu ne kamar yadda muke riƙe namu. Baba yana da laifi, kuma har gobe ina jin zafinsa, amma shi baki kawai ya buɗe, ni na sa ƙafa. An ba ni ƙofa a buɗe wata uku cur, na tsaya ina gadin mutuncin wanda bai san ma ina yi ba, na bar numfashin 'yata a hannun sa'a. Iyayenmu da suka koya mana kunyar suruki su ne kuma suka ce kunyar marar kunya asara ce, sai muka riƙe rabin farko muka yar da na biyu. Don haka 'yan'uwana mazauna ƙasashen waje, duk wanda ya ce muku akwai aiki a wani wuri, ko shi ya ba ku aure, ko shi ya yi muku huɗuba, ku nemi takarda, ku karɓi lamba, ku kira ku ji da kunnenku. Ku tambaya ko lasisinku na aiki a can, da wane harshe ake jarrabawa, kuma su wa ke riƙe da sana'ar kafin ku. In kun je kun tarar ba haka ba ne, ku juyo a ranar, a yi muku dariyar mako guda ta wuce. Ku kuma mata, in kun san halin naku, ku faɗa wa mazajenku ƙiri-ƙiri, kada ku yi ta kewaye-kewaye kuna jiran su gane, don wani mijin irina ne, ba ya ganewa.

Har yanzu in na haɗu da Baba ina durƙusawa, ko ya amsa ko bai amsa ba, don shi ya ba ni uwar 'ya'yana kuma wannan ba zai goge ba. Amma yau ko cewa ya yi gari ya waye, sai na ɗaga labule na duba.